Ƙwaryar da Aka Tono a Gulbi

Ba sau ɗaya ba Labbo gyartai ya je gidan Malam Sodangi nema wa ɗansa Amiru auren Rahmatu. Kullum sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a tambaye shi lafiyar iyali har da ta awaki, sannan a rako shi bakin ƙofa da fara'a.

Ba wanda ya ce masa a'a. Mutanen kirki ba su cewa a'a, sukan ce a bari a ga damina. Damina kuwa shekara ta biyu ke nan ba ta leƙo Sabon Birni ba, sai yayyafin da bai isa ya jiƙa bayan jaki ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malam Sodangi manomi ne jikan manoma. Labbo kuwa mai ɗinkin fasassun ƙorai ne, irin mutumin da mata ke kira ta kan danga in ƙwarya ta tsage, su manta da shi da zarar ta daina yoyo. Yanzu rumbunan Malam Sodangi ba kome a ciki sai ɓeraye masu baƙin ciki, amma rumbu ko babu hatsi yana da tsawo, mai shi kuma yana kallon mutane daga can sama.

Amiru ya gaji basilla da zaren kaba daga ubansa, amma hannunsa bai tsaya nan ba. Tun yana yaro yake zane a bayan ƙwarya da tsinin wuƙa. Da aka shiga fari, duma ya ƙi yi, sabuwar ƙwarya ta ɓace a kasuwa, sauran masu zane suka ajiye wuƙaƙensu suka tafi ci-rani. Shi sai ya koma kan tsofaffin da aka ɗinke. Wata rana yana duban wata doguwar tsaga da ya gama ɗinkewa, sai ya ga ba tsaga yake gani ba, gulbin garinsu ne kwance ba ruwa. Ya zana mata gaɓa, ya zana shanu masu haƙarƙari a waje, da mata a layi suna tonon yashi. Daga ranar ya daina ɓoye ɗinki, ya mai da shi tsakiyar zane.

Wasu suka ce abin da kyau. Wasu suka ce mai hankali ba ya zana yunwa a kan abin cin tuwo.

Rahmatu tana cikin na farko. Ita ke riƙe da gidan ubanta tun rasuwar mahaifiyarta Hajjo, mace ce da ta san nauyin tulu da nauyin magana. Ita ta kawo masa ƙwaryar furar marigayiyar, wadda ta tsage, Malam Sodangi ya jefa ta bayan rumbu don ba ya iya kallonta.

"Ka gyara mani ita," ta ce. "Ka kai ta bikin Isa. Ka bari ta yi maka magana."

Mutanen garin Isa sun saba, kowace shekara a ƙarshen bazara kafin a shiga gona, masu sana'ar hannu na ƙasar su hallara su baje aikinsu, makaɗa su yi kiɗa, dattawa su zaga su yaba wa wanda ya cancanta. Bana ba gero, ba nono, amma an ce za a yi, don mutum in ya rasa abin ci yakan so ya ga abin kallo. A zuwan Labbo na ƙarshe, Malam Sodangi ya ce, "Bari mu ga bikin Isa. In aikin yaron abin nunawa ne, mu yi magana." Ya faɗa ne yadda ake cewa a bari a ga damina.

Amiru dai ya riƙe maganar da hannu biyu.

Tsohuwar ƙwarya ba ta karɓar wuƙa sai ta sha ruwa ta yi laushi. A shekarar da mata ke faɗa kan moɗa guda, ba mai kunyar da zai jiƙa ƙwarya a ruwa. Don haka Amiru ya samo dabara. Can ƙasan gari, inda gulbi ya karya kwana kusa da wata tsohuwar bishiyar gawasa, yashin ƙasa yana da sanyi. Nan yake tona rami ya binne ƙoransa a kife, don kada nauyin yashi ya buɗe ɗinki. In sun sha danshi ya tono su ya yi aiki, in sun bushe ya mayar.

Mutum ɗaya ya gaya wa wurin. Ko ubansa bai sani ba.

Ana jibi biki, ya je da safe ɗauko ƙwaryar Hajjo don ya ƙarasa ta. Ya tarar da rami a buɗe. Ba ƙwarya ko ɗaya. A kan yashi ga sawun mutane da yawa, ga kuma sawun tayar babur.

Babur ba shi da yawa a garin, wanda ke shiga gulbi kuwa ɗaya ne, na Na'Allah, ɗan kasuwar da ke fataucin hatsi tsakanin nan da Maraɗi. Shi kaɗai fari ya yi wa ƙiba. Shi ne kuma Gwaggo Tasalla, ƙanwar Malam Sodangi, ke yi wa kamfen auren Rahmatu a gidan dare da rana.

Amiru ya biyo ta kasuwa. Ya yi wa mai shayi sallama, mai shayi ya duƙa yana hura wutar da ke ci. Wata tsohuwa ta janye jikarta daga hanyarsa. Sai a rumfar maƙera ya ji da kunnensa:

"Shi na. Shi ad da ƙoran da anka tono. A kihe, cikin gulbi! Shi ya sa hadari ka tasowa shi watse."

Ya tsaya cak. Kowa a ƙasar ya taɓa jin cewa mai son ɗaure ruwan sama ƙwarya yake kifewa ya binne a hanyar ruwa. Ba wanda ya taɓa gani, amma kowa yana da kakan da ya gani. Shekara biyu mutane suna neman wanda za su tuhuma, sama ta yi musu nisa. Ga shi an ba su gyartai.

Amma ba wannan ne ya fi cin ransa ba. Gulbi yana da tsawo. Wa ya nuna gawasar?

Da la'asar ya je ƙofar gidan Malam Sodangi ya yi sallama. Rahmatu ta fito idanunta a kumbure. Bai zauna ba, ita ma ba ta kawo tabarma ba.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Wa kinka gaya ma?"

Ta sunkuyar da kai. 

"Rahmatu, ko Baba bai san wurin ba. Ke ɗai nig gaya ma. Ke ɗai."

"Gwaggo ta," ta ce. "Amma ka tsaya ka ji yadda anka yi."

"Ina ji."

"Tana ta zaginka gaban Baba. Tac ce kai ba ka da imani, mutane na mutuwa da ƙishirwa kai kana jiƙa ƙorai cikin randa. Nik kasa haƙuri. Nic ce wallahi bai taɓa ɓata ko ɗigo ba, cikin yashin gulbi yaka binne su. Tac ce ƙarya nika yi, in gaskiya ne in hwaɗi wurin. Nis so Baba shi san ba ƙarya nika yi ba..."

"Sai kinka hwaɗi."

"Don in wanke ka, Amiru!"

Ya yi dariyar da ba daɗi. "Kin wanke ni tas. Gari duka na kallon haskena."

Hawaye suka zubo mata. Ya gani, amma mai zargi ko hawaye ya gani sai ya tambayi kansa na mene ne. Idonsa ya wuce ta, ya faɗa cikin zaure. A jikin bango ga buhu a jingine, sabo, ɗinkin bakinsa bai ko kwance ba.

"Wancan fa?"

"Gwaggo tak karɓa daga Na'Allah. Baba bai taɓa shi ba."

"Yaushe yaz zo?"

"Jiya."

"Jiya buhu yaz zo, yau anka tono ni." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe ban da tsada. Da kin tambaye ni, da na ce ki riƙe sai sun ƙara maki da wake."

Ta ɗago. Hawayen ba su tsaya ba, amma fuskar ta canza.

"Maimaita."

Bai maimaita ba. Bai kuma janye ba.

"Ƙwaryar uwata na cikin ramin nan," ta ce a hankali. "Abin da yar rage mani nata ke nan. Ko zanen ɗaurawa ba ta bari ba, duk an sayar lokacin jinya. Ita nib ba ka. Kana ganin ita za ni sayarwa da gero?"

"Yunwa ta sa mutane sun yi abin da yaf fi wannan."

"To. Ka san yunwa, ka san ƙwarya, ka san yashi. Ni ce ba ka sani ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Tahi, kada maƙwabta su ce har da ni anka ɗaure ruwan."

Ta shige. Ya daɗe tsaye yana duban buhun, yana jira ransa ya gaya masa ya yi daidai. Ransa bai ce kome ba.

Labbo ya roƙe shi kada ya je Isa. "Mutane da yunwa ba su da kunne, ɗana. Bari ƙura ta lahwa." Amiru ya ce in bai je ba ya amsa laifi ke nan. Ranar biki ya hau motar kasuwa da ƙananan ƙorai biyu da suka rage masa a ɗaki. Duk cikar motar, sai da aka bar masa fili a gefensa.

Filin biki ya cika. Dukawa sun rataye jakunkuna, masaƙa sun shimfiɗa luru, mata sun jera faifai da tabarmi. Masu kallo sun fi masu saye nesa ba kusa ba. A gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kowa yana satar kallonsa, ba mai son a ga yana kallo.

Amiru ya shimfiɗa buhu a ƙarshen layi ya ɗora ƙoransa. Maƙwabcinsa ya ja tabarmarsa gaba kaɗan.

Ya hango Malam Sodangi cikin dattawan da aka ba kujeru a rumfa. Ya hango Rahmatu cikin mata, kusa da Gwaggo Tasalla. Ba ta dubi inda yake ba.

Dattawa sun fara zagayen duba aiki ke nan aka ji ƙarar babur. Na'Allah ya sauko cikin shadda mai sheƙi, ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur, ya ɗauke shi da sanda kamar mai ɗauke da maciji. Ya ajiye a gaban rumfa.

"Iyayena, ku gahwarce ni," ya ce da muryar mai takaici. "Ban so in ɓata taro ba. Amma hadari ya taso, in munka yi shiru shi ma watsewa za shi yi. Ga abin da munka tono cikin gulbin Sabon Birni. A kihe."

Ya yaye tsumman da bakin sanda. Kiɗa ya tsaya.

Ƙwaryar Hajjo ce a sama. Ko a lokacin, Amiru ya ga bai taɓa yin aiki kamarta ba. Ɗinkin ya ratsa ta daga baki zuwa gindi, gulbi ne sosai, har da kwanar gawasa. Ga shanu, ga rumbuna a buɗe, ga mace guda tana tafe da ƙwarya a tafin hannu.

"Ku duba da kyau," in ji Na'Allah. "Wanga ba gulbinmu ba ne? Ga shi ya ɗinke shi da zare. Ga shanunmu ya kashe. Wanga zane na, ko sammu?"

Taro ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce a kawo shi. Hannaye suka tura Amiru gaba. Ya buɗe baki ya fara bayanin danshi da laushin ƙwarya, ya ji da kansa yadda maganar ta yi ƙanƙanta a gaban mutanen da suka binne 'ya'ya a shekarar nan.

"A hwasa su a ƙone!" in ji wata murya.

Wani saurayi ya ɗaga taɓarya.

"Kada ka taɓa ta."

Rahmatu ce. Ta ratso maza, Gwaggo Tasalla na jan mayafinta tana cewa, "Ke, ba ki da kunya? Dawo nan!" Ta fizge. Ta duƙa ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, abin da ba wanda ya yarda ya yi tun da aka tono ta. Ta kakkaɓe yashin, ta nufi randar da aka ajiye wa dattawa, ta ɗebo ruwa moɗa guda ta zuba.

Kowa ya san ba a ci ba a sha a cikin kayan sammu. Wanda ya sha, a kansa abin zai sauka.

Ta kafa kai ta sha. Sannan ta je gaban ubanta ta durƙusa, ta miƙa masa.

"Baba, duba bakinta."

Malam Sodangi bai karɓa ba da farko. Ya dubi taro, ya dubi ƙanwarsa, sannan ya dubi inda ta nuna. A gefen bakin ƙwaryar akwai wani baƙin tabo na ƙuna, kamar girman babban yatsa. Amiru ya so ya kankare shi, Rahmatu ta hana, ba ta gaya masa dalili ba.

Tsohon ya sa yatsa a kan tabon. 

"Ni niƙ ƙona ta," ya ce, ba da kowa yake ba. "Da sanyi ne, nid ɗora ta kusa da murhu don hura ta yi ɗumi. Hajjo ba ta bar yi mani gori ba har ta koma ga Allah." Ya juya ƙwaryar kaɗan, ruwan na rawa a ciki, ya ga macen da ke tafe da ƙwarya a tafin hannu. A garinsu mace ɗaya ce aka sani da ɗaukar ƙwarya haka, ita ce Hajjo. Ya ɗago ya dubi Amiru.

"Ɗan Labbo."

"Na'am, Baba."

"Wagga ta tsage tun daga baki har gindi. Kai kaɗ ɗinke ta?"

"Ni ne."

"Ni ban san sammu ba, ban san zane ba. Na san ƙwarya dai aikinta ta riƙe abin da anka zuba mata. A cika ta."

Aka cika ta har baki. Ya ɗaga ta sama da kansa, jama'a duka suka zuba wa gindinta ido. A shekarar nan ba abin da mutane suka iya kamar kallon ɗigon ruwa. Suka jira. Na'Allah ya matso har yana leƙe.

Ba ta ɗiga ba.

Malam Sodangi ya sauke, ya yi bisimilla, ya sha mai yawa. Ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi. Wannan ya dubi zanen, ya ce, "Kai, wagga saniya kamar tawa da ta mutu," ya sha shi ma. Ƙwarya ta bi rumfa hannu zuwa hannu. Saurayin nan ya ajiye taɓarya a hankali kamar ba shi ya ɗauko ta ba.

"Baba Malam," in ji Na'Allah, "ni don jama'a niy yi..."

"Allah shi saka. Buhunka na zaure inda anka aje shi, ka aiko a ɗauka. Ɓerayen gidana ba su saba da ƙoshi ba, kada shi yi masu illa." Ya juya ga Amiru. "Ka ce ma Labbo shi zo. Wanga karo shi taho da 'yan'uwanai."

 Hadarin ya tsaya inda yake, bai zubo ba, bai watse ba, kamar shi ma yana jiran ya ga ƙarshen zance. Makaɗa suka koma kiɗa. Dattawa suka sa aka ɗora ƙwaryar a kan turmi a tsakiyar fili, mutanen da ɗazu ke neman a fasa ta suna turereniya su ga gawasar Sabon Birni.

Amiru bai tsaya jin yabo ba. Ya bi Rahmatu, ya same ta bayan rumfa tana gyara mayafi.

"Rahmatu."

Ba ta juyo ba.

"Kin ji abin da Baba yac ce?"

"Na ji. Ina wurin."

"Abin da nih hwaɗi shekaranjiya... raina ne a ɓace. Ki yahe mani."

Sai a lokacin ta dube shi. Idanunta a bushe suke, ya gane ya fi son lokacin da suke zubar da hawaye.

"Mutanen gari sun zarge ka, ba su san ka ba, kuma yunwa suka ji. Kai mi kaka ji, da kad dubi buhu kas sa mani kuɗi?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ba don kai nis sha ruwan nan ba. Ƙwaryar uwata za su hwasawa."

"To yanzu mi za ni yi?"

"Turo manyanka, Baba ya ba ka izini. Amma Baba ba shi tilasta ni, ka sani. In sun gama gaisuwa za shi kira ni shi tambaye ni."

"Mi za ki ce?"

Ta ja mayafi ta rufe kai.

"Kai da ka san abin da ke cikin zuciyata tun ban hwaɗi ba," ta ce, "sai ka zauna ka yi ta zato."

Ta wuce cikin mata, ta bar shi tsaye, ana kiran sunansa a tsakiyar fili.